Taro ko Taruwa? Tarken Fahimtar Ibraniyawa 10:25 a Tsakanin Masu Sujada da Hausa a Agege, Legas

1.0 Gabatarwa

A ranar 30 ga Maris, 2020, gwamnatin tarayya ta hana zirga-zirga a Legas saboda annobar korona. Tun kafin wannan rana gwamnatin jihar ta riga ta ƙayyade yawan mutanen da za su haɗu a wuraren ibada, kuma ba a sake buɗe masallatai da majami'u ba sai a ranakun 7 da 9 ga Agusta. A tsawon waɗannan watanni aya guda ta Sabon Alkawari ta yi ta yawo a bakin Kiristoci, watau aya ta 25 a sura ta 10 ta Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, wadda take jan hankalin masu bi a kan kada su rabu da haɗuwa da juna. Wasu sun riƙe ta hujjar cewa rufe majami'u saɓon Allah ne. Wasu kuma suka mayar musu da Matiyu 18:20, inda ake maganar mutum biyu ko uku, suka ce ai ko a ɗaki ma an cika umurni.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda ayar take sauka a kunnen wanda yake jin ta da Hausa, musamman a unguwannin 'yan Arewa na Legas irin su Agege. Ba fatawa muka zo bayarwa ba, domin wannan aikin malaman addini ne. Abin da ya shafe mu shi ne harshe. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa ginin jimlar Hausa da kuma kalmar "taro" sun haɗu sun mayar da ayar tamkar dokar rajistar makaranta, alhali abin da yake cikin matanin Girkanci ya fi kusa da abin da Bahaushe yake kira zumunci. Za kuma a ga cewa bambancin yana da nauyi a rayuwar talakan da ya bar garinsu ya zo ci-rani Ikko.

2.0 Masu Sauraro

Agege tsohon zango ne. Layin dogo da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, ta nan ya ratsa, kuma noman goro da ya bunƙasa a yankin Agege da Ota a farkon ƙarni na 20 ya jawo fataken Hausawa suka kafa unguwarsu, da sarkinsu, da masallatansu. Cohen (1969) ya bayyana irin wannan tsari a Sabo ta Ibadan, inda maigida yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a ciniki. A yau cinikin shanu a mayankar Oko-Oba da cinikin kayan gwari a kasuwar Mile 12 sun ƙara yawan 'yan Arewa a wannan ɓangare na birnin.

Mafi yawan mazauna zango Musulmi ne. Amma a gefensu akwai wata jama'a da ba a cika yin rubutu a kanta ba, watau Kiristocin Arewa masu sujada da Hausa. Cikinsu akwai Hausawa na asali daga ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau, amma galibinsu Hausa harshe na biyu ce a gare su: Bajju da Atyap daga kudancin Kaduna, Birom da Angas daga Filato, Tangale daga Gombe, Bura da Margi da Kibaku daga Borno da Adamawa, Sayawa daga Bauci, Dakarkari daga ƙasar Zuru. Ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da EYN su ne suka raine su, kuma da Hausa aka raine su. Wasu aikin soja ko ɗan sanda ya kawo su, wasu gadi, wasu acaba, wasu aikatau a gidaje. Wasu kuwa gudun hijira ce ta kawo su, musamman bayan 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok, aka kuma kori EYN daga hedkwatarta da ke Kwarhi.

Matsayin wannan jama'a a Legas abin lura ne. A idon Bayarabe duk "Hausa" ne, idan rikici ya tashi, kamar na Ketu a 1999 ko na Idi-Araba a 2002 ko na Mile 12 a 2016, ba a tsayawa tambayar mutum addininsa. A cikin zango kuwa ba kowa ne yake lissafa su cikin Hausawa ba. Baƙi ne riɓi biyu ke nan. Wannan shi ne kunnen da ayar take shiga.

3.0 Hausar Littafi Mai Tsarki

Ba za mu daɗe a nan ba, domin Gaiya (1993) ya riga ya bi tarihin. J. F. Schön ya fara fassara sassa tun a shekarun 1850, Sabon Alkawari nasa ya fito a 1880. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932 a ƙarƙashin jagorancin Dokta Walter Miller na Zariya da Wusasa. Sabuwar fassara ta biyo baya a 1979 daga Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda hedkwatarta take a Apapa, cikin Legas ɗin da muke magana a kai. Daga baya kuma an sami Sabon Rai Don Kowa. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, waɗannan fassarori sun gina wata Hausa ta musamman wadda ta ɗebo kalmomi daga Musulunci ta ba su sabon aiki. "Sujada", wadda a wurin Musulmi rukuni ɗaya ce a cikin salla, a wurin Kirista ita ce dukan hidimar ranar Lahadi. "Majami'a" ta tsaya a madadin wurin taron Yahudawa, daga baya ta zama ginin Kiristoci. "Ikilisiya" an aro ta daga Girkanci don jama'ar masu bi. A bakin titi kuwa "coci" ta cinye duka biyun, ginin da mutanen.

4.0 Abin da Yake Cikin Matani

4.1 Ginin Jimla

Abu na farko da mai karanta Hausa ba zai gani ba shi ne, a Girkanci aya ta 25 ba jimla ba ce mai cin gashin kanta. Daga aya ta 19 har zuwa ta 25 jimla ɗaya ce doguwa, wadda take rataye a kan aikatau uku masu sigar kiran juna: na farko kira ne a matso kusa da Allah (aya 22), na biyu a riƙe bege kankan (aya 23), na uku a lura da juna (aya 24). Abin da ya zo a aya ta 25 ganga ce dogarau, an gina ta da sifofi 'yan aikatau guda biyu, kuma aikinta shi ne ta bayyana yadda za a cika kira na uku. Lambar da ta raba 24 da 25 ba ta marubucin ba ce. Robert Estienne ne ya yanka Sabon Alkawari aya-aya a bugunsa na 1551, wuƙarsa kuwa ta faɗa a tsakiyar numfashi.

Hausa ba ta da irin waɗannan sifofi da za su ɗauki korewa su rataya a jikin wani aikatau cikin sauƙi. Hanyar da aka fi bi, a rubuce da kuma a bakin masu wa'azi, ita ce a buɗe sabuwar jimla da "kada" tare da umurtau. Mu gwada waɗannan misalai namu:

(1) Mu kula da tsohuwar nan. Kada mu bar unguwa.
(2) Mu kula da tsohuwar nan, ba tare da mun bar unguwa ba.
(3) Mu kula da tsohuwar nan, muna leƙa ta safe da yamma.

A (1) umurni biyu ne, kowane da ƙafarsa. Mutum yana iya cika na biyu ya zauna a unguwa har ya mutu bai taɓa gaida tsohuwa ba. A (2) da (3) umurni ɗaya ne, zaman unguwa da leƙawa duk bayin kulawa ne. Girkanci a kan tsarin (2) da (3) yake, Hausar da jama'a suka haddace kuwa a kan tsarin (1) take. Ba muna cewa mai fassara ya yi kuskure ba. Jimlar da ta kai tsawon ayoyi bakwai ba ta karantuwa da ƙarfi a gaban jama'a, dole a sare ta. Sai dai saran yana da farashi: "kada" kalma ce ta hani mai kaifi, wadda uba yake yi wa ɗa, kuma da zarar ta zo a farkon aya mai lamba, ayar ta zama doka mai zaman kanta wadda za a iya ɗauka a rubuta a bango ba tare da abin da ya gabace ta ba.

4.2 Taro, Taruwa, Tattaruwa

Kalmar Girkanci ita ce episunagoge. Sau biyu rak ta zo a Sabon Alkawari, a nan da kuma 2 Tasalonikawa 2:1, inda take nufin tattara masu bi zuwa wurin Almasihu a ƙarshen zamani. Aikatau ɗin da ta fito daga gare shi shi ne wanda aka yi amfani da shi a Matiyu 23:37 a kan kaza mai tattara 'yan tsakinta a ƙarƙashin fikafikanta. Bugu da ƙari, marubucin ya bi kalmar da wakilin suna mai komawa kan masu aikin, watau haɗuwar ta su kansu ce. Bai ce ekklesia ba, bai kuma ce sunagoge ba, duk da cewa Yakubu 2:2 ya yi amfani da ta biyun don zaman Kiristoci.

Hausa tana da arziki a wannan saiwa. Akwai tara (giredi na 1 a tsarin Parsons 1960), da taru (giredi na 7), da tattara da tattaru masu nuna yawaita, da sunaye irin su taro da tari da tarayya, da bayanau tare. Bambancin da ya dame mu shi ne na taro da taruwa:

(4) Audu ya je taro.
(5) *Audu ya taru.
(6) Su Audu sun taru.

Taro abu ne da yake can a waje. Ana kiransa, ana buɗe shi, ana rufe shi, ana ɗage shi, ana zuwa a makare. Mutum ɗaya yana iya halartarsa bai san kowa ba, ya tashi bai yi wa kowa magana ba. Taron siyasa taro ne, taron kallon dambe ma taro ne, har Bahaushe yana da "taron yuyuyu" da "taron tsintsiya ba shara" don jama'ar da ta cika fili ba ta ƙulla komai ba. Taruwa kuwa, kamar yadda (5) ya nuna, ba ta yiwuwa ga tilo. Aiki ce da jam'i suke yi da kansu, kuma idan aka ce "tattaruwa" an ƙara ma'anar cewa daga wurare daban-daban aka fito, a warwatse ake. A ganinmu wannan ta ƙarshe ita ce ta fi dacewa da hoton kaza da 'yan tsaki, ita ce kuma ta fi dacewa da mutanen da ɗaya yake gadi a Ikeja, ɗaya yake dako a Mile 12, ɗaya take wanke-wanke a Ogba.

Wani abin sha'awa, a gefe, shi ne cewa ayar ta rufe da ambaton Ranar da take ƙaratowa. Bahaushen da ya tashi cikin Musulunci ba zai rasa jin amsa-kuwwa a nan ba, domin Alƙur'ani ma ya kira ranar ƙiyama ranar tattarawa (Suratut Tagabun 9). Ƙaramar tattaruwa ta yau inuwar babbar ce ta gobe. Kalmar "taro" a Hausar yau, wadda ofis da jam'iyya suka sha ta har ta yi salam, ba ta iya ɗaukar wannan nauyi.

4.3 Bari, Daina, Fasa, Yashe

A nan ne, a namu ra'ayi, aka fi yin hasara. Aikatau ɗin Girkanci, enkataleipo, ba kalmar rashin halarta ba ce. Shi ne a cikin kukan Yesu a kan gicciye (Matiyu 27:46, Markus 15:34). Shi ne Bulus ya yi amfani da shi a kan Dimas da ya gudu ya bar shi, da kuma a kan waɗanda suka watse a ranar da aka fara gurfanar da shi (2 Timoti 4:10, 16). A cikin Ibraniyawa kanta ya sake fitowa a 13:5, a alkawarin da Allah ya yi cewa ba zai yi wa nasa haka ba. Ma'anarsa ita ce a bar mutum a cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi, a juya masa baya a lokacin da yake bukata.

To, me Hausa take da shi? "Daina" tana nuna tsayawar aiki ne kawai, kamar daina shan taba. "Bari" tana da fuska biyu, ana barin aiki ana kuma barin mutum, amma idan aka haɗa ta da "yin taro" fuskar farko ce take fitowa. "Fasa" da ɗiyarta "fashi" sun fi kowace haɗari, domin kai-tsaye suke kai tunani ga fashin makaranta, ga malami da rajista da bulala. Idan aka tuna cewa a wurare da yawa na Arewa majami'a da makarantar mishan a rumfa ɗaya suka fara, ba abin mamaki ba ne a ji ana fassara ayar da "kada a yi fashin coci".

Kalmar da ta dace tana nan, kuma Kiristoci masu Hausa sun san ta daga labarin gicciye: yashe. Siga ce ta giredi na 5 daga yar da ko ya da, a kan awo ɗaya da gayar da/gaishe da sayar da/saishe. Yasasshe shi ne wanda nasa suka zubar. Ba a yashe taron ƙungiya, mutum ake yashewa, ko gida, ko rijiyar gari da aka ƙaura aka bari. Da zarar an sa wannan kalma a ayar, dole abin da ya biyo ta ya zama mutane, kuma tambayar ta tashi daga "sau nawa ka zo?" ta koma "wa ka bari?"

Sura ta 10 kanta ta goyi bayan haka. A ayoyi 32 zuwa 34 marubucin ya tuna wa masu karatu kwanakin baya da aka wulakanta su a bainar jama'a, aka washe dukiyarsu, wasunsu aka ɗaure, sauran kuma suka tsaya tare da ɗaurarrun. Ba a san marubucin ba, tun a ƙarni na 3 Orijin ya sallama cewa Allah ne kaɗai ya sani. Amma gaisuwar mutanen Italiya a 13:24 ta sa manazarta da dama suna ganin Roma aka aika wasiƙar, wasu ma suna danganta wahalar da korar Yahudawa da Sarki Kalaudiyas ya yi wajen shekara ta 49. Ko ma dai ina ne, waɗanda suka janye jiki daga haɗuwa ba barci ne ya kwashe su ba. Sun ga cewa a gan ka tare da waɗannan mutane abin hasara ne, suka zame. Ɗan Arewan da ya taɓa ɓoye harshensa a cikin motar haya a ranar da Legas ta rikice ya san wannan jarraba sarai.

4.4 Kishiyar Yashewa

Da dokar halarta ce, da kishiyar da marubucin zai kawo ita ce "ku riƙa zuwa". Bai ce haka ba. Abin da ya ajiye a ɗaya gefen shi ne parakaleo, wadda ta haɗa gargaɗi da lallashi da ta'aziyya da ƙarfafa zuciya. A 3:13 ya riga ya ce a riƙa yin wannan kowace rana, ba mako-mako ba. A aya ta 24 kuma ya yi amfani da wata kalma mai zafi, paroksusmos, wadda a Ayyukan Manzanni 15:39 take nufin saɓanin da ya raba Bulus da Barnaba, ya ce a yi wa juna irin wannan tsikari zuwa ga ƙauna da ayyuka nagari. Hausa tana da kalmar da ta yi daidai: zuga. Maƙeri yana zuga wuta, maroƙi yana zuga gwarzo. Wurin da Bahaushe ya san ana taruwa don a zuga juna a kan aiki kuwa shi ne gayya, inda makaɗi yake bin manoma kunya-kunya, wanda ya yi baya a kira sunansa. Wanda ya ƙi fita gayya ba tara ake cin sa ba. Ranar da tasa gonar ta yi ciyawa ne zai gane abin da ya yi.

5.0 Inda Hujjarmu Take da Iyaka

Adalci ne a faɗi cewa masu fahimtar ayar a kan sujada ba daga iska suka ɗauko ba. Ayoyi 19 zuwa 22 cike suke da kalmomin haikali: Wuri Mafi Tsarki, labule, babban firist, wanka da ruwa. Haɗuwar da ake magana a kai ta masu addu'a ce, ba ƙungiyar 'yan gari ɗaya ba. Kuma zuwa tsakiyar ƙarni na 2 Jastin Shahidi ya riga ya bayyana taron ranar Lahadi a matsayin al'ada tabbatacciya. Abin da muke cewa shi ne, a cikin aya ta 25 babu kalmar sujada, babu Lahadi, babu gini. A gidaje ake haɗuwa, kamar gidan Bilkisu da Akila da aka ambata a Romawa 16:5, kuma tsohon ginin ibadar Kirista da aka tono a Dura-Europos ta ƙasar Siriya, wanda shi ma gida ne aka gyara, na wajen shekara ta 240 ne.

Akwai kuma tasirin maƙwabtaka. Kirista mai jin Hausa yana zaune ne cikin harshen da fiƙihu ya riga ya yi wa shara. Ya san "jam'i", ya san an ce ladan sallar jam'i ya ninka na mutum ɗaya sau 27, ya san Juma'a ba ta ƙulluwa a mazhabar Malikiyya sai da mutum 12. Jam'i da Juma'a da jama'a da majami'a duk saiwarsu ɗaya a Larabci. Saboda haka idan ya ji "kada" a gaban "taro", tambayoyin da suke zuwa masa na hukunci ne: wajibi ne ko mustahabbi, mutum nawa, wane uzuri ne yake ɗauke shi? Tambayoyi ne masu kyau a muhallinsu, amma wasiƙar ba a kansu take ba. Gardamar 2020 kusan duk a wannan fage aka yi ta. Masu riƙe da Matiyu 18:20 ma ba su tsira ba, domin sun mayar da "biyu ko uku" mafi ƙarancin adadin da sujada take ƙulluwa da shi, alhali tun daga aya ta 15 maganar sulhunta ɗan'uwan da ya yi laifi ake yi, kuma adadin ya fito ne daga dokar shaidu ta Maimaitawar Shari'a 19:15. Ɓangarorin biyu ƙidaya suke yi.

6.0 Komawa Agege

Mu ɗauki maigadi. Aikinsa ba ya san Lahadi ba, hasali ma ranar ce masu gida suke fita su bar masa ƙofa. Idan ayar dokar halarta ce, shi ne "waɗansu" ɗin da aka ce sun mayar da rashin zuwa al'ada, kuma zai ji ana karanta ta a kansa a ranar da ya samu ya zo. Haka yarinyar da take aikatau, haka ɗan acaban da dokokin hana babur na 2020 da 2022 suka tura shi neman abinci a bayan gari. Amma idan ayar tana hana yashewa ne, nauyin ya juya. Maigadi bai yashe kowa ba. Tambayar tana kan waɗanda suka sami zuwa: wa ya taka ya je ƙofar da yake tsaro? Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake, kuma bai ce ƙafar wa ba.

A aikace ma jama'ar sun riga masu wa'azinsu fahimta. Zumuntar Mata, wadda kusan babu ikilisiyar Arewa da ba ta da ita, aikinta ke nan: barkar haihuwa, dubiya, zaman makoki, karo-karo. Idan ɗan Arewa ya rasu a Legas, waɗannan ƙananan ƙungiyoyi ne suke haɗa kuɗin motar da za ta kai gawa gida. Sunan da suka zaɓa wa kansu, zumunta, shi ne tafsirin da ya fi kusa da aya ta 24 da ta 25 idan aka karanta su a haɗe. Kusan aikin da maigidan zango yake yi wa baƙonsa Musulmi ne, sai dai a nan babu maigida mai shanu, talakawa ne suke yi wa juna. Wasiƙar kuwa ta san wannan hali: ta kira magabata baƙi masu wucewa (11:13), ta yi umurni da saukar baƙi (13:2), ta ce masu bi ba su da birni mai ɗorewa a nan (13:14). Da wuya a sami kalmar da ta tattara waɗannan uku kamar "zango".

Ta ɗaya gefen kuma akwai wanda ya sami ci gaba. Daga Agege zuwa Ota ba nisa, can kuwa akwai majami'ar da aka buɗe a 1999 mai ɗaukar mutum 50,000, ga wasu manya a kan hanyar Ibadan, duk da Turanci ake yi. Matashin da ya koma irin waɗannan bai yi fashin taro ba ko sau ɗaya. A ma'aunin "taro" ya fi kowa cikawa. A ma'aunin "yashewa" kuwa sai an tambaya ko har yanzu yana ɗaga waya idan 'yan ƙauyensu suka kira. Sai dai a nan ma dole a ja birki, domin ana iya murɗa ayar ta wannan fuska a mayar da ita igiyar ɗaure mutane a sashen Hausa. 'Ya'yan da aka haifa a Legas da Yarbanci da Turancin Buroka suke tashi, da yawansu ba sa bin wa'azin Hausa, kuma abin fahimta ne shugabanni su ji tsoron ranar da kujeru za su zama wayam. Mu masu nazarin harshe ma muna da namu son zuciya a nan, domin waɗannan majami'u suna cikin wurare ƙalilan a Legas da ake karanta rubutacciyar Hausar boko da ƙarfi kowane mako. Amma ayar ba ta ambaci harshe ba, ba ta ambaci ƙabila ba. Wadda aka rubuta wa Ibraniyawa ma da Girkanci aka rubuta ta.

Sauran matsala ta mai fassara ce, kuma ba ƙarama ba ce. Mun fifita "yashe" a kan "fasa" da "daina", mun fifita "tattaruwa" a kan "taro", mun kuma nemi a ɗinke aya ta 25 a jikin ta 24 da "ba tare da" ko da sigar ci-gaba. Amma masu sauraron Agege, kamar yadda aka nuna a 2.0, galibinsu Hausar kasuwa da ta bariki suke ji. "Yashe" tsohuwar kalma ce a kunnen matashin Kano ma, balle ɗan Margin da ya koyi Hausa a tashar mota, kuma sigar giredi na 5 mai ƙarewa da -she tana ja da baya a Hausar birane, in ban da "gaishe" da ta maƙale. Fassarorin baya-bayan nan da gangan suka nemi sauƙi saboda irin waɗannan masu sauraro, kuma ba za a zarge su ba. Wataƙila mafita tana cikin "juya wa juna baya" ko "watsar da juna", waɗanda kowa yake ji, ko da yake sun yi hasarar igiyar da ta haɗa ayar da kukan gicciye da alkawarin 13:5. Wanda zai yanke wannan hukunci sai ya zauna a bencin baya na sashen Hausa a Agege ko Idi-Araba, ya karanta sigogin biyu da ƙarfi, sa'an nan ya tambayi maigadi da matar Zumunta abin da kowannensu ya ji an ce ya yi.